Tazugena Yana Dutsen Emei

Ba a dukan biri a Dutsen Emei. Dokar ƙasar Sin ta kare shi, addinin masu dutsen ya hana cutar da mai rai, kuma babbar matsalar ita ce birin ya san da duka biyun. Na fara da wannan ne saboda masu tare ni a kasuwa suna cewa, "To kai ba ka da hannu ne?" Ina da hannu, har biyu. Ku bari ku ji aikin da suke yi a lokacin.

Takalma ne suka kai mu. Ni da Kawu, ƙanin mahaifiyata wanda ya koya min kasuwa, muka baro Gwanzu zuwa Chengdu, babban birnin lardin Sichuwan, garin da ya yi suna wajen yin takalman mata. Aka gama ciniki, kaya ba za su haɗu ba sai an dawo hutun ƙarshen mako. Sai mai masana'antar ya ce bai dace baƙo ya zo Sichuwan ya koma bai hau Emei ba, ya haɗa mu da tafinta, wani saurayi mai gilashi. Kawu ya tambaya ko akwai abin sari a can. Aka ce masa wurin ibadar mabiya Buddha ne. Ya ce to, kallo ai ba bauta ba ne, kuma tunda ba daga aljihunsa kuɗin zai fita ba, a tafi.

A cikin jirgin ƙasa mai gudun tsiya saurayin nan ya buɗe mana makaranta. Emei ɗaya ne daga cikin duwatsu huɗu da mabiya Buddha na Sin suke girmamawa, sauran su ne Wutai da Putuo da Jiuhua. Ƙololuwarsa mita 3,099. A 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, tare da ƙaton mutum-mutumin Buddha na Leshan mai tsawon mita 71, wanda aka fara sassaƙawa a jikin dutse a shekarar 713 aka gama a 803. Kawu ya ce duk ɗan kwangilar da ya yi shekara casa'in a kan aiki ɗaya, a wajenmu ma za a samu danginsa.

Haikalin Wannian muka fara zuwa, kuma a nan ne bakina ya mutu. Ɗaki ne na tubali zalla, ba azara ba katako, an yi masa ƙubba a sama, ya haura shekara 400 a tsaye. A tsakiyarsa akwai Puxian, wanda suka ɗauka shi ne majiɓincin dutsen, zaune a kan giwa mai haure shida. Da tagulla aka zuba shi a shekarar 980, nauyinsa tan 62. Ina tsaye ina tunanin yadda aka yi mutanen wancan zamani suka yi wannan aiki a tsakiyar dutse, Kawu kuwa leɓɓansa suna motsi. Can ya matso ya raɗa min, "Kwantena uku." Muka ci abincin sufaye, shinkafa da ganye da awara, ba nama ko ƙwaya, wanda shi ne karo na farko a tafiyar da Kawu ya ci abinci bai tsare tafinta da tambayar mene ne wannan ba.

Washegari da asuba motar bas ta kwashe mu daga gindin dutse, ta yi ta murɗa kwana na wajen awa biyu har Leidongping, inda kwalta take ƙarewa a tsayin kusan mita 2,400. Daga nan sai tafiyar ƙafa ta kilomita ɗaya da rabi a kan matakala zuwa haikalin Jieyin, inda ake shiga motar igiya ta kai mutum sama.

Dole in bayyana shigar da na yi, don shari'ar duk a kanta take. Shadda ce ruwan toka, riga da wando, ta sha sitaci. Wandon irin namu ne na gado, wanda tela yake yi wa ƙugun da mutum biyu za su shiga su yi hira, ba abin da yake riƙe shi a jikin ɗan Adam sai tazuge. Nawa tazugen fari ne na saƙa, da ɗan tuntu a kowane baki. A ƙarƙashin wandon kuwa akwai sirri. An ce mana sama akwai sanyi mai shiga ƙashi, don haka na sayi dogon wandon ciki mai kama jiki a Chengdu. Wanda ya yi min daidai a shagon guda ɗaya ne tak: ja jawur, da fuskar panda a kowace gwiwa, da wata babba a baya. Na ce wa zai gani? A Leidongping ana ba da hayar rigunan sanyi, ni na samu gajera iya ƙugu. Matakalar a jiƙe take, sai na tattare rigar shaddar na cusa ta cikin rigar sanyin don kada ta sha taɓo.

Mata suna sayar da sandunan gora na korar biri. Kawu ya ji kuɗin, ya ce a bar su da kayansu, shi da ya yi gadin gonar gyaɗa yana yaro ba birin da zai koya masa zaman duniya. Tafinta ya yi mana gargaɗi uku: kada a riƙe leda, kada a riƙe robar ruwa, kada a sa hannu a aljihu. Sannan ya wuce gaba don ya kama mana layin tikiti. Bai ɓace da gani ba Kawu ya miƙo min wata leda ta ƙuli-ƙuli da ya saya wajen wata 'yar garinmu a unguwar Xiaobei ta Gwanzu.

"Ɗan nan, riƙe min wannan, aljihuna ya cika."

"Kawu, an ce fa..."

"An ce kada a riƙe a hannu. Aljihu hannu ne?"

Saura ƙiris mu kai haikalin, har ina jin ƙanshin turaren tsinke, ledar ta yi ƙara. Ba wata ƙara ba ce, ɗan ƙwaras ne da cinyata ta goga. Sai na ga reshe ya girgiza.

Wanda bai ga birin Emei ba zai ɗauka irin jan birin nan ne siriri mai dogon bindi. Ina! Wannan guntun bindi gare shi, ga gashi buzu-buzu, ga saje da gemu, babban namiji yakan kai kilo 18. Wanda ya sauko min bai yi gudu ba, bai yi kuka ba. Takowa ya yi a natse ya tsaya a gabana ya dube ni daga hula zuwa takalmi, irin duban da mai shingen hanya yake yi wa direban da ya san takardunsa ba su cika ba. Sannan ya kama ƙafar wandona ya hau, ya zura hannu a aljihun dama har gwiwar hannu, ya saki duk nauyinsa a kan tazuge.

Tazugen ya jure, Allah ya saka wa wanda ya saƙa shi. Abin da bai jure ba shi ne wani ɗan ƙaramin biri da ya biyo uban gidansa, ya hango tuntu yana reto a ƙasan rigar sanyi. Ya kama, ya ja. Ɗaurin zarge ne. Na ji ya warware, na ji tazugen yana zagaya ƙuguna ta cikin ƙubaka, sulululu, daga dama ya bi baya ya fito ta hagu, kuma har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Kafin in ce wani abu ɗan birin yana kan reshe da tazugena a baki.

Na cafke wando da hannu biyu. To ga amsar masu tambayar hannu.

Yanzu ga mutanen da suka halarta. Daga ƙasa, ayarin tsofaffin mata masu ziyara, kowace da jakar turare a rataye. Daga sama, sufaye uku cikin riguna ruwan toka, kawunansu a aske, suna saukowa. A gefe, wasu 'yan dako biyu da suke ɗauke da wata mata a kujerar gora, suka sauke ta a hankali don su ma kada a ba su labari. Sai samari da 'yan mata, kowa ya ɗaga waya. Kawu kuwa, gwanin gadin gonar gyaɗa, na hango hularsa a bayan sufi na uku.

"Daka masa tsawa!" in ji shi. "Da Hausa! Kada ka yi masa Turanci, zai raina ka!"

Na ce, "Kai!" Birin ya ɗago ya buɗe baki ya nuna min fiƙoƙinsa. Na janye maganata.

A nan ne dattijon ya shigo, mutumin da saboda shi nake rubuta wannan labari. Zai yi shekara saba'in, da hular sanyi mai kunnuwa, da kwalbar shayi mai ganye a ciki a rataye a wuyan hannu. Bai yi gaggawa ba. Ya zo ya tsaya taku uku daga inda nake, daidai inda haƙorin biri ba zai kai ba, ya ciro gilashi ya saka, ya ciro waya, ya yi mata magana a tsanake, sannan ya miƙo ta saitin fuskata. Wata murya ta mace, mai sanyi da ladabi, ta ce min da Turanci:

"Buɗe hannayenka biyu ka nuna masa babu komai. Sannan ka tafa."

Na dubi dattijon, na dubi hannayena, na sake dubansa, da fatan zai bi idona ya fahimci halin da ake ciki. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane, ya sake danna wayar. Matar ta maimaita. Sai ya rataye kwalbar, ya buɗe tafukansa biyu ya ɗaga, ya tafa sau biyu, don in ga yadda ake yi.

Shawarar ba ta banza ba ce, in za a yi adalci. Haka mutanen dutsen suke yi, biri ya ga hannu wayam sai ya nemi wani. Amma an tsara ta ne don mutumin da wandonsa yake tsaye da ƙafarsa. Na lura duk wanda ya ba ni shawara a ranar, da bel a ƙugunsa.

Na ce, "Baba, wando." Na girgiza ƙubakar don ya gani. Ya yi wa wayar wata doguwar magana.

"Kada ka kalle shi cikin ido."

Birin yana manne da cinyata, fuskarsa a saitin cibiyata. Na ɗaga kai sama.

"Kada ka nuna haƙora."

Na rufe baki.

"Kada ka gudu."

Wannan kam ya taimaka, don da ma ina ta shawarar ko in kwasa da gudu a kan jiƙaƙƙiyar matakala da wando a hannu da biri a cinya.

"Ka kwantar da zuciyarka. Biri yana jin zuciyar da ba ta kwanta ba."

Ledar ta maƙale a aljihun, birin yana fizga yana gurnani. Tsofaffin matan suka karɓi karatun dattijon, duk suka ɗaga tafukansu suna nuna min, suna magana a lokaci ɗaya. 'Yan dakon suka ɗaga nasu. Matar da ke kan kujera ta ɗaga nata. Ko'ina na juya tafin hannu ne a buɗe. Birin ya sake buɗe baki, wannan karon kusa da wurin da ba na son a yi ciniki a kansa. Gaba kura, baya sayaki. Matar cikin waya ta ce, a karo na ban san nawa ba, cikin ladabin nan nata, "Buɗe hannayenka biyu."

Na buɗe.

Shadda mai sitaci ba ta faɗuwa lokaci ɗaya. Da ma faɗuwa ta yi a wuce wurin. Sai da ta ɗan tsaya a ƙugu tana shawara, sannan ta zame zuwa cinya, ta yi wata 'yar ƙara, ta huta a gwiwa daidai yadda kunnuwan panda biyu za su leƙo, sannan ta tafi gaba ɗaya tare da birin, suka sauka a kan takalmana. Na sha maimaita wannan saukar a raina, a jirgi, a kan sallaya, a tsakiyar lissafi da kwastoma, kuma kullum sai ta tsaya a gwiwar nan.

Wuri ya yi tsit. Ga ni tsaye a hanyar da mutane suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi don neman tsarkin zuciya, hula zanna a ka, rigar haya a ƙirji, daga ƙugu zuwa idon sawu ja jawur. Waɗanda ke gabana suna kallon ƙananan panda biyu. Waɗanda ke bayana suna kallon babbar. Hannayena a sama.

"Yanzu ka tafa," in ji wayar.

Wallahi na tafa. Ban san dalili ba, mutum in ya fara bin umarni ba ya sanin inda zai tsaya. Birin ya zauna a tsakanin ƙafafuna, a cikin wandona, ya zaro ledar a natse, ya yage ta da haƙori, ya ɗauki ƙuli-ƙuli ɗaya ya shinshina ya gutsura, ni kuma ina tsaye a kansa ina yi masa tafi. Wani ɗan yaro a kafaɗar babansa ya taya ni. Birin bai tsaya nan ba, sai da ya laluba aljihun hagu, ya ciro rasit ɗin otal, ya duba, ya yar.

"Kada ka bari ya tafi da duka!" in ji Kawu daga mafakarsa. "Ko rabi ne ka karɓo!"

Dattijon kuwa fuskarsa ta cika da farin ciki, don a ganinsa magani ya yi aiki: an buɗe hannu, an tafa, biri ya sauka. Ya juya ga jama'a yana nuna ni da hannu yana bayani, suna gyaɗa kai. Sai idonsa ya sauka a kan jan wandon, ya yi turus. Ya matso, ya gyara gilashi, ya tambayi wayar, wayar ta tambaye ni shekarar haihuwata. Ina sunkuye ina ƙoƙarin jan wando birin yana zaune a kai, na ce 1980.

Ya buga wata sowa. A lissafinsu shekaru suna zagayawa ne a kan dabbobi goma sha biyu, kuma 1980 shekarar biri ce. Ya sanar da matan, suka ce "Ooo!" gaba ɗaya, wata har da dafa ƙirji. Wayar ta ce min, "Ɗan'uwanka ne. Shi ya sa ya zaɓe ka." Bai tsaya nan ba. A al'adarsu mutum yakan sa jan kaya a ciki ne idan shekarar dabbarsa ta zagayo, don kauce wa tsautsayi. Dattijon ya ƙirga da yatsu, ya girgiza kai cikin tausayi, ya yanke hukunci:

"Shekararka sai 2028. Ka yi saurin sakawa."

Wanda ya cece ni ko kallona bai yi ba. Wani ma'aikacin dutsen ne ya ɓullo da danƙon harbin tsuntsu a hannu, ko dutse bai sa ba, ya ja robar kawai ya saki. Kafin ƙarar ta mutu ba biri ko ɗaya a hanyar. Babban ya tafi da ledar, ƙaramin ya yi cikin kurmi da tazugena yana jan sa a baya.

Babban cikin sufayen ya ƙaraso, ya kwance wata igiya daga jakarsa ta yadi, ya miƙo min da hannu biyu ya ɗan rusuna, fuskarsa ba alamar dariya. Wannan mutum ya yi min karamcin da ba zan manta ba. Ƙaramin cikinsu dai ya juya baya yana kallon bishiyoyi, kafaɗunsa suna rawa, da sauransa a karatu. Wata mai sayar da dafaffiyar masara ta ba ni tsinken cin abinci, na ɗaura igiyar a jiki na shiga zura ta a ƙubaka, aikin da ko a ɗaki sai an yi haƙuri, balle da yatsun da sanyi ya ƙandare. Kawu ya fito ya buɗe rigar sanyinsa ya yi min labule, yana faɗa wa duk mai wucewa da Hausa cewa da shi birin ya tara da an ga aiki. Dattijon ya zagayo ta bayan labulen ya tsuguna, ya sa wayar ta gaya min cewa in tura tsinken ta ɗaya ɓangaren zai fi sauri. Na juya ta ɗaya ɓangaren. Igiyar ta kuɓuce a tsakiya, na sake daga farko.

Tafinta ya dawo da tikiti ya same mu a haka. Ya dube ni, ya dubi wayoyin da har lokacin ba a sauke ba, ya ce, "Leda?" Na nuna Kawu.

Mun dai hau. Motar igiya ta ratsa gajimare ta sauke mu a Ƙololuwar Zinariya, sama da mita 3,000, inda aka kafa wani mutum-mutumin Puxian mai tsawon mita 48 a 2006, a kan giwaye huɗu, da fuskoki goma masu duban kowace kusurwa. An ce in gari ya washe mutum yakan ga gajimare shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarsa har iyakar gani. Mu hazo muka tarar, fari fat. Ƙafafun giwayen kawai na gani, da hasken kyandirori, da mutane suna zagayawa suna addu'o'insu ƙasa-ƙasa. Fuskoki goman nan ko ɗaya ban gani ba, su ma ba su gan ni ba, kuma ban yi baƙin ciki ba, idanun da suka kalle ni a ranar sun wadatar.

Ina tsaye hannu ɗaya a kan ƙullin igiyar sufi, sai na ji an taɓa kafaɗata. Hular kunnuwa, kwalbar shayi, waya. Na ce shi ke nan, saura shawarar yadda ake numfashi.

"Abin nan da birin ya ci," in ji matar cikin waya, "da me ake yin sa?"

Tafinta ya yi masa bayani: gyaɗa ce ake matse man, a murza tunkuzar a soya. Dattijon ya saurara da kyau, ya ce soyayyen abu mai gishiri ba shi da kyau ga cikin biri, nan gaba in kiyaye. Sannan ya ɗan yi jim, ya sake magana a wayar.

"Akwai saura?"

Kawu ya zura hannu a aljihun nan da ya cika, ya zaro wata ledar, ya miƙa masa guda ɗaya. Dattijon ya gutsura, ya tauna, ya ɗaga babban yatsa.

"Ɗan nan," in ji Kawu, "tambaye shi katan nawa yake so."